Me ke sa zanen titin da ruwa ya jiƙa da magariba ya yi rai?

Zainab_Burushi:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu zane. Ina so mu tattauna kan irin zanen nan na birni da magariba, ana ruwa ko an ɗauke: fitilu a kunne, kwalta na sheƙi, mutum ɗaya ko biyu riƙe da laima. Wanda aka fi sani da shi a intanet shi ne marigayi Leonid Afremov, wanda ya yi aiki da wuƙar fenti maimakon burushi. A ganina ƙarfin launi ne ke ɗauke da yanayin gaba ɗaya, ja da rawaya da shuɗi kamar yadda suka fito daga cikin tub, wato bututun da fenti ke zuwa a ciki. To amma masu koyo da yawa da waɗannan launukan dai suke aiki, sai zanen ya fito da hayaniya, babu sanyin damina a cikinsa, titin ma bai yi kama da jiƙaƙƙe ba. Ina matsalar take?

Malam_Tijjani:
Wa alaikumus salam, Malama Zainab. Matsalar tana wajen duhu. Fenti ba ya ba da haske, farin da ke cikin tub shi ne iyakar hasken da muke da shi, kuma bai kai ko kusa da hasken fitilar gaske ba. Hanya ɗaya ce ta sa rawaya ta yi kamar tana ci: a dusashe duk abin da ke kewaye da ita. Kafin a taɓa launi, a raba zanen gida uku a ƙaramar takarda da fensir. Duhu sosai (gine-gine, bishiyoyi, mutane, kwaltar da ke kusa da mai kallo), matsakaici (sama da titin da ke nesa), sai haske (fitilu da hotonsu a ruwa). Duhu da matsakaici su cinye kusan duka filin, haske kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Idan an gama shimfiɗar farko a ɗauki hoton zanen da waya a mayar da shi baƙi da fari. In fitilun ba su fito tsaf ba a wannan hoton, ko an juye rawayar duniya a kai ba za su haska ba.

Sadiq_Wuƙa:
Na yarda da rabi, Malam. Amma in duhu ne kaɗai sirrin, ai da kowane zanen dare ya yi daɗin kallo. Afremov bai dogara da baƙi ba, inuwarsa ma shuɗi ce da shunayya. Abin da yake yi shi ne ya ajiye launi kusa da kishiyarsa ba tare da ya gauraya su ba, ruwan lemo gefen shuɗi, ja gefen kore, rawaya gefen shunayya. Ido da kansa yake ƙara wa kowanne ƙarfi. Masanin sinadarai na Faransa Chevreul ya rubuta bayanin wannan tun 1839, kuma masu zanen Faransa na bayansa sun yi aiki da shi sosai. Mai koyo kuwa sai ya dinga shafa burushi yana komawa wuri ɗaya har launukan biyu su cakuɗe su zama ruwan taɓo.

Malam_Tijjani:
Ba mu saɓa ba, Sadiq. Shuɗin da shunayyar da ka ambata ai masu duhu ne. Ban ce baƙi ba, duhu na ce.

Injiniya_Rabi:
Bari in shigo ta wajen titin, domin nan ne mafi yawan zane ke faɗuwa. Ruwa ba ya mayar da haske daidai ta kowace fuska. Idan ka dubi ruwa daga sama kai tsaye, kashi 2 cikin ɗari kacal na hasken yake dawowa. Idan ka karkata zuwa digiri 60 ya zama kusan kashi 6, a digiri 80 kuma ya haura kashi 30, daga nan yana ta hawa da sauri. Ma'anarsa ga mai zane: kwaltar da ke gaban ƙafarka za ta fito da duhu, ana ganin jikinta, ta can nesa kuwa ta zama madubi, tana ɗauke da launin sama da fitilu. Wanda ya shafa sheƙi iri ɗaya daga ƙasan kanbas, wato ƙyallen da ake zane a kai, har ƙarshen titi ya kashe nisan.

Na biyu, hoton fitila a ruwa yana sauka ne miƙe ƙasa, daidai ƙarƙashin fitilar, ko da titin ya karkata zuwa dama ko hagu. Masu koyo sukan jawo shi ya bi layin titin, nan take ido ya ƙi yarda. Na uku, ana auna shi daga gindin turken fitilar. In daga gindi zuwa kan fitila santimita 12 ne a kanbas, tsakiyar hoton zai faɗi santimita 12 ƙasa da gindin. Dalilin da ya sa yake miƙewa ya yi tsawo shi ne kwalta ba ta da santsi kamar gilashi, kowane ɗan tudu na ruwa yana jefo wa ido nasa guntun hasken. Inda ruwa ya kwanta shiru, hoton gajere ne mai kaifin baki. Inda yayyafi ke dukan ruwan, ya warwatse ya yi tsawo.

Hauwa_Launi:
Allah ya saka da alheri, Injiniya. In ƙara abu ɗaya a kai: hoton abu mai haske yakan fi ainihin abin duhu kaɗan, hoton abu mai duhu kuma yakan fi shi haske kaɗan. Don haka rawayar da aka sa wa fitila ba ita za a sa a ƙasa ba. A sauko da ita mataki ɗaya, a karkata ta zuwa ruwan lemo.

dan_koyo_Umar:
Iyayen gida, ina da tambaya. Ita fitilar kanta yaya ake haɗa ta? In an sa fari da yawa sai ta yi kamar alli, in an sa rawaya zalla kuma ba ta haske.

Hauwa_Launi:
Ƙanena, fitila zobe-zobe ce, daga waje ake farawa a ƙare a tsakiya. Zoben waje, inda haske ke narkewa cikin sama, shunayya ce mai ja-ja: shuɗin altramarin da ɗan jan kwinakiridon da fari kaɗan. Na biye da shi ja mai ruwan lemo. Sai ruwan lemo zalla. Sai rawayar kadmiyom. A tsakiya sai ɗigo guda na farin taitaniyom da aka taɓa wa rawaya kaɗan, kamar kashi biyar fari kashi ɗaya rawaya, a ɗora shi da kauri sau ɗaya kada a sake taɓa shi. Girman wannan ɗigon kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin zoben rawaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haɗa rawaya kai tsaye da shuɗin sama. Inda suka gamu sai kore ya fito, fitila ta yi kamar ta yi gansakuka. Shi ya sa ake sa ja da shunayya a tsakani. Kuma da yake iska cike take da danshi, zoben yakan fi na daren rani faɗi da laushin baki. Fitilun nesa kuma a rage musu fari, a ƙanƙanta su, a matso da su kusa da juna.

Baba_Garba_Allo:
Ina jin ku, yara, amma ni ban yarda cewa sai da launi mai ihu ake kama yammacin ruwa ba. Ku nemi aikin John Atkinson Grimshaw, mutumin Leeds a Ingila, wanda ya rasu a 1893. Ya zana bakin tashar jiragen ruwa ta Liverpool da ta Glasgow da dare, titi a jiƙe. Kusan duk zanen ruwan toka ne da ruwan ƙasa da kore mai dushi-dushi, sai tagogin kantuna da ke zubo rawaya a kan hanya. Wannan ɗan hasken ya fi shiga rai saboda shi kaɗai ne mai ɗumi a wurin. Yammacin ruwa yana da kaɗaici da nutsuwa. In kowace kusurwa ta kanbas tana ɗauke da launinta mai ƙarfi, ido ba shi da wurin hutawa, sai ya zama biki ake kallo.

Zainab_Burushi:
Ranka ya daɗe Baba, ai bikin ma yanayi ne. Akwai daɗin da ke zuwa bayan an ɗauke ruwa, gari ya yi sanyi, kowa ya fito. Shi ne abin da masu launi mai ƙarfi ke nema, kuma shi ya sa jama'a ke son ratayewa a falo.

Sadiq_Wuƙa:
Haka ne. Kuma a yi wa Afremov adalci, shi bai ce yana kwafar abin da ido ya gani ba. An haife shi a Vitebsk ta Belarus a 1955, garin da ya fitar da shahararren mai zane Marc Chagall, ya rasu a Meziko a 2019. Salonsa a bayyane yake: guntu-guntun fenti kamar sassaƙe, kowanne da launinsa, babu shafawa. Abin da nake ƙi shi ne masu kwaikwayonsa da ke ɗaukar bishiyoyin kaka masu jan ganye da benci da laima su yi ta maimaitawa ba tare da sun fahimci tsarin hasken da ke ƙasa ba. Ku lura da zanensa, kusan kullum layin fitilun yana tafiya zuwa wuri guda a nesa, girmansu na raguwa, kuma kowace fitila tana da nata layin a ƙasa.

Malam_Tijjani:
Akwai mai tsayawa tsakanin Baba da Sadiq. Camille Pissarro ya zana titin Montmartre na Paris sau da dama a 1897 daga tagar otal, guda ɗaya a cikinsu na dare ne, yana babban gidan zane na ƙasa da ke Landan. Sama shuɗi ce mai duhu da ke karkata zuwa shunayya, tagogin kantuna rawaya da ruwan lemo, layin fitilun tsakiyar titi kuma fari mai sanyi domin na lantarki ne, ga ƙananan fitilun kekunan doki a jere. Haske iri uku, kowanne da zafinsa, kuma kowanne ya faɗo a jiƙaƙƙen titi da launinsa. Launin na da ƙarfi, amma a ƙananan wurare. Édouard Cortès, wanda ya rasu a 1969, shi ma ya shafe rayuwarsa yana zana titunan Paris da yamma a kan wannan tsari: gari ruwan toka, shaguna na ci da ruwan lemo.

abba_kwalta:
Ku haɗa da babban zanen Caillebotte, mai zanen Faransa, na masu laima a Paris, shi ma ai na magariba ne.

Injiniya_Rabi:
A'a Abba, wancan na rana ne. Na 1877, yana gidan zane na Chikago, faɗinsa ya haura mita biyu da rabi. Fitilar da ke tsakiyarsa ma ba a kunne take ba. Amma yana da darasi ga wannan zancen: babu ɗigon ruwa ko ɗaya da aka zana a cikinsa. Laima, sheƙin duwatsun titi da farar sama su suka gaya maka ana ruwa.

dan_koyo_Umar:
To ke nan ba a zana saukar ruwan kwata-kwata?

Hauwa_Launi:
Ana zanawa, sai dai a san inda ake ganinsa. Da dare ruwa ba ya bayyana sai inda haske ya ratsa shi kuma bayansa duhu ne: ƙarƙashin fitila, gaban fitilar mota, bakin rumfa. A can ne za ka ja 'yan layuka da gefen wuƙa ko busasshen burushi, duk su karkata gefe guda, tsawonsu ya bambanta, launinsu na fitilar da ta haska su. Fari zalla a ko'ina yakan zama kamar an karce zanen. Wata hanyar ita ce ta Hiroshige na Japan, a zanensa na 1857 na ruwan da ya tsuge wa mutane a kan gada, inda ya ja siraran layuka masu duhu daga sama har ƙasa. Van Gogh ya kwafe shi da fentin mai a 1887. Wannan salo ne na ɗab'in katako, kuma a sararin da ke da haske yake aiki. A zanen dare layin duhu ɓacewa yake.

Sadiq_Wuƙa:
Tun da Umar na koyo, ga yadda ake jera aikin da wuƙa a kanbas mai santimita 40 da 50.

A fara da shimfiɗa siririya ta ruwan ƙasa mai ja, wato siyena ƙonanna, a tsinka ta da tafentin, ruwan tsinka fentin mai, a goge da tsumma. In ta leƙo ta tsakanin shuɗi daga baya, ɗumi take ƙarawa. A ja layin ido, wato layin kwance daidai tsayin idon mai kallo, da inda gefunan titi ke haɗuwa a nesa. Sai duhu, shi ma siriri: altramarin da amba ƙonanna, wato ruwan ƙasa mai duhu, rabi da rabi. Wannan ya fi baƙin tub rai, kuma kana iya karkata shi zuwa sanyi ko ɗumi. Sama: altramarin kashi uku, fari kashi biyu, siyena kashi ɗaya, ɗan kwinakiridon a bakin wuƙa, tana ƙara haske da ɗumi yayin da take sauka zuwa rufin gidaje. Titi ya ɗauki wannan haɗin na sama amma mai duhu.

Hoton fitilu a ƙasa: a ɗebo fenti a gefen wuƙa, a ja ƙasa sau ɗaya. Sannan da tsabtatacciyar wuƙa a yanka shi a kwance wuri biyu ko uku, a shigo da duhun titi ciki. Wannan yankan kwance shi ke sa ruwan ya kwanta a ƙasa, in babu shi sai layukan su tsaya kamar labule. A goge wuƙa da tsumma bayan kowane ja, ba bayan biyar ba. Fitilu su ne na ƙarshe kuma su ne mafi kauri, amma kada kaurin ya wuce milimita biyu zuwa uku. Wanda ya fi haka samansa ke bushewa ya bar cikin danye, sai ya yamutse.

Baba_Garba_Allo:
Maganar bushewa a kula da ita. Amba tana bushewa cikin kwana ɗaya ko biyu, kadmiyom da farin taitaniyom kuwa sukan ɗauki mako ko fiye in da kauri. In ka dawo ka ɗora siririn duhu mai saurin bushewa a kan rawaya mai kauri da ba ta gama ba, zai tsage. Ƙa'idar ba ta canzawa: mai ƙarancin mai a ƙasa, mai yawan mai a sama. Kada a tsinka fenti da kananzir, yana jinkirin tashi kuma yana barin maiƙo da ke dusashe launi. Fentin gida mai sheƙi kuma ba ya riƙe sawun wuƙa, kwanciya yake ya baje. Da damina bushewa na ƙara jinkiri, a ajiye zanen inda iska ke shiga da haske. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, a jingina shi fuskarsa na kallon bango da ɗan tazara. Banish, wato shafen kariya na ƙarshe, sai bayan wata shida, mai kauri ma shekara.

Maryam_Akirilik:
Ga masu akirilik, wato fentin da ake tsinkawa da ruwa, lissafin daban ne. Yana ƙara duhu in ya bushe, saboda ruwan da ke ɗauke da launin fari-fari ne yana danye, sai ya koma garau. Don haka a haɗa sama da hoton fitilu su fi abin da ake so haske da mataki ɗaya. A zafinmu yakan yi fata cikin 'yan mintoci, sai a shimfiɗa jiƙaƙƙen soso a faranti a rufe da takardar gashin burodi a haɗa fenti a kai, a riƙa fesa ruwa kaɗan. Zoben fitila ba ya narkuwa da sauƙi kamar na mai, mafita ita ce a bar shi ya bushe a bi shi da siraran shafe masu ratsuwa, biyu ko uku. In ana son kauri a haɗa da jel mai kauri, yawan ruwa kuwa raunana fentin yake. Abu na ƙarshe, akirilik na bushewa ba sheƙi, duhun ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka. Banish mai sheƙi ke dawo da zurfinsa, kuma zanen jiƙaƙƙen titi na buƙatar wannan fiye da kowane zane.

abba_kwalta:
Kusan duk misalan da aka kawo na Turai ne. Wanda zai zana titin Kano ko Zariya ko Maraɗi bayan ruwa fa? Launukan ɗaya ne?

Malam_Tijjani:
Ba ɗaya ba ne, kuma wannan tambayar ta fi duk na baya muhimmanci a wurina. Rawayar da ke zanen Paris ta fitilar gas ce. Tsofaffin fitilun titi na sodiyom su ma ruwan lemo suke bayarwa. Yanzu kuwa mafi yawan abin da ke titunanmu farin ƙwan fitila ne na sola da na shago, mai sanyi, har yana karkata zuwa shuɗi. In ka zana shi rawaya ka zana wani gari. Ɗumin yana wasu wurare: jan fitilar bayan mota da babur, rawayar jikin A Daidaita Sahu in haske ya doke ta, garwashin mai tsire, wutar mai shayi. Gefen kwalta kuma jar ƙasa ce, ruwan da ya kwanta a kai yana da launin kansa. Na kusa zai fito ruwan ƙasa mai ja, na nesa ne zai ɗauki launin sama, kamar yadda Injiniya ta bayyana. Mutane kuma ba yawo suke da laima bibbiyu ba. Suna cunkushe a ƙarƙashin rumfa, wani ya rufe kai da leda, wani ya naɗe ƙafar wando, mai babur ya duƙa. Wannan tsayuwar jiki ita ke kawo yanayin tun kafin launi.

Wanda ke son ganin yadda ake yi a wannan yanki ya dubi Abiodun Olaku na Legas, yadda yake sarrafa ruwan toka da ɗigon fitilu a almuru. Ta fannin wuƙa da launi mai ƙarfi kuma ga Ablade Glover na Gana, duk da cewa shi kasuwa da cincirindon jama'a ya fi zanawa.

Injiniya_Rabi:
Akwai kuma batun lokaci. A nan kusa da tsakiyar duniya almuru gajere ne. Daga faɗuwar rana zuwa lokacin da shuɗin sama zai fara mutuwa bai fi minti ashirin da 'yan kai ba, a Landan da bazara kuwa yakan haura minti arba'in. Wannan ɗan tsakanin ne ake so, domin sama na da sauran shuɗi kuma fitilu sun kama, kishiyoyin da Sadiq ya faɗa suna nan da kansu. Ba ya isa a zana komai. A tafi da ƙaramin kati a ɗiga launuka biyar ko shida kawai: saman sama, ƙasan sama, bango, kwalta kusa, kwalta nesa, fitila. Hoton waya kada a amince masa a kan launi. Tsarin dare na waya yana buɗe duhu ya mayar da shi kamar rana, ya ƙone fitilu su zama farin tabo. A ɗauki biyu, ɗaya a rage haske har launin fitila ya fito, ɗaya don a ga abin da ke cikin inuwa.

Hauwa_Launi:
Wani abin da waya ba ta nunawa: in haske ya ragu, idon mutum yakan fara rasa ja kafin shuɗi. Purkinje, masanin ƙasar Cek, shi ya bayyana haka a farkon ƙarni na 19. Jar riga ko jar laima da ke nesa da fitila kusan baƙa take zama, shuɗi da kore kuwa suna daɗewa. Saboda haka in ana son jar laima ta yi ja, a tsayar da mai ita a cikin hasken shago. In an sa ta ja zur a tsakiyar duhu, sai ta yi kamar an manna ta.

Baba_Garba_Allo:
Kin gani, Zainab? Ido da kansa yana rage launi da dare. Mai zuba launi ko'ina yana faɗa da yadda Allah ya yi ido.

Zainab_Burushi:
Na ji, Baba, kuma na karɓi maganar duhu da ta titi. Amma har yanzu ina nan kan cewa inuwa mai shuɗi da shunayya ta fi ruwan toka kama abin da mutum ke ji a ransa in ya tsaya bakin titi bayan ruwa. Mai zane ba awo kawai yake yi ba. Abin da na fahimta shi ne launi mai ƙarfi iri biyu ne, mai duhu da mai haske, masu koyo kuma na biyun kaɗai suke ɗauka.

Sadiq_Wuƙa:
In za a bi ta wannan hanyar, a zaɓi gefe ɗaya ya yi rinjaye. Ko sanyi ya ci kashi uku cikin huɗu ɗumi ya zama baƙo, ko akasin haka. Rabi da rabi shi ke kawo hayaniyar da kika faɗa da farko. A kuma taƙaita tub ɗin da ke kan allon haɗa fenti: altramarin, shuɗin talo kaɗan ƙwarai don yana cinye duk abin da ya taɓa, kwinakiridon, jan kadmiyom, rawayar kadmiyom, siyena, amba, fari.

Maryam_Akirilik:
A duba lambar da ke jikin tub kafin a saya. Jan alizarin na asali, mai lamba PR83, yana koɗewa, musamman in an haɗa shi da fari ko an shafa shi siriri, kuma nan ne ake amfani da shi a zoben fitila. PV19 ko PR122 sun fi shi juriya. Fenti mai ɗaukar ido irin na alamar hanya shi ma yana burgewa ranar farko, amma hasken rana na kashe shi da wuri. Kadmiyom kuma guba ne, kada a goge busasshensa da sanfefa a shaƙi ƙurar, kada a ci abinci da hannun da ya taɓa shi.

dan_koyo_Umar:
Na gode ƙwarai, iyayen gida. Saura biyu. Mutanen da ke tafiya a titi sukan fito kamar suna shawagi, kuma jan fitilar bayan mota in an ƙara mata fari sai ta koma ruwan hoda.

Malam_Tijjani:
Na farko: in titin shimfiɗaɗɗe ne kuma mai kallo a tsaye yake, kawunan manya duk suna kusa da layin ido ɗaya, na kusa da na nesa. Ƙafafu ne ke hawa da sauka. Kada a zana tafin ƙafa, a bar ƙafar ta shige cikin hoton mutumin a ruwa ba tare da tazara ba, duhu guda a ja shi ƙasa. Sai siririn haske a kafaɗa da saman kai ta ɓangaren da fitila take.

Na biyu: ja ba a haskaka shi da fari. Ko dai a haskaka shi da ruwan lemo, tsakiya ruwan lemo mai haske, gefe jan kadmiyom, waje ja mai duhu. Ko kuma a ɗiga fari zalla a wurin, a bar shi ya bushe sarai, sannan a bi kansa da siririn ja mai ratsuwa irin kwinakiridon da aka tsinka da ɗan man linsid. Hasken zai ratsa jan ya doki farin ya dawo. A akirilik minti talatin ya isa a yi shafen, a fentin mai a ba shi mako guda, in farin da kauri a ƙara.